Yadda Za Ka Kama Bakin Zaren Rubutun Fir'auna da Hannunka

Shekara uku ke nan da ɗan ƙanena ya gama karatu a Azhar ya dawo Sakkwato, ya kawo mini tsaraba. Wata takarda ce mai kaushi, ruwan ƙasa, irin wadda mutanen Masar na dauri ke yi da ciyawar bakin kogin Nilu, wadda Larabawa ke kira bardi. A tsakiyarta an zana ƙawanya mai tsawo, cikinta akwai mujiya, da ɗan tsakon tsuntsu, da wani abu kamar tsumma a ninke, da ungulu. Ya durƙusa ya miƙo mini, ya ce, "Baba, sunanka na, da rubutun Fir'auna."

Na daɗe ina dubanta. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da tarihi a sakandare, na sha faɗa wa yara labarin dalar Giza, amma ban taɓa kawowa a raina cewa tsuntsayen nan ana iya buɗe baki a furta su ba. Ya ɗora yatsa yana bi da ni: mujiya ita ce m, ɗan tsako w ko u, tsumma s, ungulu a. Musa. Tun daga wannan yammacin abin ya shiga raina. Yau ina iya karanta sunayen sarakunansu da gajerun rubuce-rubucen da ke jikin kaburbura, a hankali, da fensir a hannu. Hanyar da na bi nake son nuna maka, domin ita ce dai hanyar da aka bi aka buɗe kowane mataccen rubutu, kuma ita ta karanta mini takardun kakana da suka yi shekaru a gafaka ba mai taɓa su.

Kayan aikin ba su da yawa: littafin rubutu guda, fensir da magogi, kwalin sukari da za ka yayyanka ƙanana kamar katin waya, da wayar da za ta buɗe hoto ka faɗaɗa shi. Kada ka raina kwalin nan. Alice Kober, wata malamar jami'a a birnin Niyok, lokacin da takarda ta yi wuya saboda yaƙin duniya na biyu, tarkacen takardu ta riƙa yankawa tana jera su cikin kwalayen taba sigari, har ta tara katuna kusan 180,000 a kan wani tsohon rubutu na tsibirin Kirit da ke ƙasar Girka. Kowace alama ka gamu da ita, zana ta da hannunka a kati guda, ka rubuta a bayansa inda ka gan ta da abin da ke gabanta da bayanta. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san bambancin wanda ya kalli baƙi da wanda ya rubuta shi da tawada. Ni sai da na zana mujiya da ungulu da shaho sau da yawa kafin idona ya daina haɗa su.

Abu na farko da za ka fitar daga kanka shi ne cewa hoton zaki na nufin jarumta, hoton mujiya na nufin dare ko maita. Wannan zato shi ya ɗaure masana fiye da shekara dubu. Rubutu na ƙarshe da aka sani an sassaƙa da waɗannan alamomi yana tsibirin Fila a kudancin Masar, an yi shi a shekarar 394 miladiyya. Daga nan masu karatunsa suka ƙare. Wani malamin Iraƙi, Ibnu Wahshiyya, wajen ƙarni na 10, ya tattara tsofaffin haruffa har da na Masar ya jera su kusa da na Larabci, amma ƙofar ba ta buɗe masa ba. A ƙarni na 17 wani limamin coci Bajamushe mazaunin Rum, Athanasius Kircher, ya wallafa manyan littattafai na fassara, inda yakan ɗauki sunan sarki guda ya mayar da shi doguwar jimla a kan asiran ibada. Mutum ne mai ilimi ƙwarai, amma ya riga ya ƙudurta cewa hotunan hikima ce a ɓoye, don haka duk abin da ya gani sai ya tabbatar masa da abin da ke ransa.

Maganin wannan shi ne ƙidaya. Kafin ka tambayi me rubutu ke cewa, ƙirga alamomi nawa ne mabambanta a cikinsa. In sun tsaya tsakanin 20 da 40, baƙaƙe ne irin namu. Larabci 28 gare shi. In sun kai 50 zuwa 100, kowace alama gaɓa ce, kamar a ce ba, bi, bu kowacce da siffarta; rubutun Kirit da na ambata kusan 90 ne. In kuwa sun kai ɗaruruwa, to cakuɗe ne, wasu sauti wasu kalma. Na Masar a zamanin da ya fi tsaruwa yana da alamomi wajen 700.

Wanda ya buɗe rubutun nan, Jean-François Champollion, wanda zan riƙa kira Shamfoliyon yadda bakinmu ke iya faɗa, da ƙidaya ya fara gane bakin zaren. Yana da kwafin dutsen Rashid. A watan Yuli na 1799 sojojin Faransa da suka shiga Masar tare da Nafoliyon suna gyaran wata ganuwa a garin Rashid, kusa da inda reshen Nilu ke faɗawa teku, suka tono wani baƙin dutse mai nauyin kilo 760 ko kusa da haka. Sanarwa ce ta malaman addinin Masar, ta shekara 196 kafin haihuwar Annabi Isa, Alaihis Salam, an rubuta ta sau uku: sama da rubutun hotuna, saura layi 14 don dutsen ya karye, tsakiya da rubutun yau da kullum na mutanen gari, layi 32, ƙasa da Girkanci, layi 54. Ingilishi suka karɓe shi daga hannun Faransawa a 1801, kuma tun 1802 yana gidan tarihin Birtaniya a Landan. Girkanci kuwa ana iya karanta shi. Shamfoliyon ya ƙirga ya ga kalmomin Girkanci 486 ne ke daidai da alamomi 1,419 na sama. In da kowane hoto kalma ce, ai lissafin ba zai yi wannan tazarar ba. Dole da yawa cikinsu sauti ne.

Sai mataki na biyu, wanda na fi jin daɗinsa, kuma ina son ka yi shi da hannunka yau. Nemi suna. Suna ba a fassara shi. Sakkwato dai Sakkwato ce a bakin Bature da Balarabe, ko da sun ɗan karkata ta. A rubutun Masar sunan sarki yana zaune cikin ƙawanya irin wadda ke jikin tsarabata, igiya ce aka zana ta zagaye sunan, aka ɗaure ta a gefe guda. Buɗe hoton dutsen Rashid a wayarka, ka faɗaɗa ɓangaren sama, za ka ga ƙawanya guda tana ta maimaituwa. Girkancin ƙasa yana ta ambaton sarki Ptolemaios, wanda Larabawa ke kira Batlaimus. Wani likita ɗan Ingila, Thomas Young, shi ya riga ya nuna cewa sunan nan ne a ciki, ya kuma dace da sautin wasu alamomin. Zana su a jere: ɗan murabba'i, p, rabin da'ira kamar curin burodi, t, igiya mai zarge, o, zaki a kwance, l, wani abu a lanƙwashe kamar haƙarƙari biyu, m, ganyen kara biyu a tsaye, i, tsumma a ninke, s. Ptolmis.

Har yanzu zato ne. Suna guda ba ya zama hujja, kamar yadda shaida guda ba ya isar alƙali. Shamfoliyon ya samu na biyu a farkon 1822, daga wani dogon ginshiƙin dutse da wani Bature, William Bankes, ya ɗauko daga Fila ya kai Ingila. Girkancin gindinsa ya ambaci Batlaimus da sarauniya Kleopatra. To rubuta sunayen biyu, ɗaya bisa ɗaya, ka yi hasashe kafin ka duba. In zaki l ne, ya kamata ya zo na biyu a sunan sarauniya. Yana nan. In igiya mai zarge o ce, ta zo ta huɗu. Tana nan. Murabba'i ya zo na biyar. Yana nan. Sunan yana da a sau biyu, a wuri na shida da na tara, sai ga ungulu biyu daidai wuraren. Ranar da na yi wannan a zaurena, bayan la'asar, sai da tsigar jikina ta tashi, ko da yake na san an riga an gano shi shekara ɗari biyu da suka wuce.

Wuri guda ne zai ba ka matsala. Inda kake jiran curin burodi na t, sai ka ga tafin hannu. Kada ka watsar da aikinka saboda wannan. Alama biyu na iya ɗaukar sauti guda ko masu kama da juna, kamar yadda sinun da sadi duk s suke a kunnen Bahaushe. Daga sunan sarauniya ka samu ƙarin baƙaƙe: ɗan gangaren tudu k ne, baki r ne, ungulu a. Da waɗannan Shamfoliyon ya shiga sauran ƙawanyu, ya fitar da Iskandar da sarakunan Rum ɗaya bayan ɗaya, kowane suna yana biyan sa da sabon baƙi.

A nan ne na tuna da gafakar kakana. Takardu goma sha huɗu ne, gara ta ci gefen wasu, tawadar ta koma ja. Na iya karatun Alƙur'ani na Warshu tun ina yaro, don haka fa mai ɗigo a ƙasa da ƙaf mai ɗigo guda a sama ba baƙi ba ne a wurina. Amma ajami ban koye shi ba, boko ya ɗauke ni da wuri. Na sha buɗe takardun in mayar, domin ina furta baƙaƙen amma maganar ba ta haɗuwa. Wannan karon sai na bi su yadda na bi ƙawanyar Batlaimus. Na bar tsakiyar wasiƙa, na tsaya a kanta, inda kowace wasiƙar mutanen da ke farawa iri ɗaya: bisimilla, salati, daga wane zuwa ga wane, gaisuwa. Na gane Wurno, na gane Kware. Sai wani suna da ya zo sau biyar, alif, da sa mai ɗigo uku, da dal. Asida nake ta karantawa, kuma ban san garin da ake kira haka ba. Kwana biyu ina juya shi, sai na tuna mahaifiyar kakana daga Acida aka auro ta. Ashe baƙin nan mai ɗigo uku, wanda a Larabci ake furtawa da harshe tsakanin haƙora, marubucin ya ara shi ne ya rubuta c, tunda Larabci ba shi da ita. Na koma na bi duk inda baƙin ya fito: cikin, ciniki, ya ce. Wasiƙa ta buɗe. Magana ce a kan bashin gero da aka ci da rani za a biya da kaka.

Na kai wa wani dattijon malami a unguwarmu, na ce, "Allah gafarta Malam, ga abin da na gano." Ya karɓa ya nisanta ta da idonsa, ya karance ta tas cikin ɗan lokaci, ya ce, "Ai haka na, Musa. Don mi ba ka taho ba tun da hwari?" Wannan tambayar tasa ita ce mataki na uku, kuma ya fi sauran nauyi: nemi wanda harshen ke raye a bakinsa, ko magajin harshen.

Abin da ya raba Shamfoliyon da Young ke nan. Young ya fi shi sanin lissafi da kimiyya, amma Shamfoliyon tun yana saurayi ya duƙufa kan Ƙibɗanci, harshen Kiristocin Masar, mutanen su Mariyatul Ƙibɗiyya. Harshen ya daina yawo a kasuwa amma ya saura a coci, ana rubuta shi da baƙaƙen Girkanci da 'yan ƙari, kuma jikan harshen Fir'aunoni ne kai tsaye. A Faris har wurin wani limamin Ƙibɗawa yake zuwa don ya ji yadda ake furta shi. Masu musu a lokacin suna cewa ai sunayen baƙi ne kawai aka rubuta da sauti, Girkawa da Rumawa, na 'yan ƙasa hikima ce zalla. Ranar 14 ga Satumba 1822 aka kawo masa zanen wata ƙawanya daga Abu Simbel a kudancin Masar, ta zamanin da Girkawa ba su ko yi mafarkin mulkin Masar ba. Alama ta farko da'irar rana, ta tsakiya wani abu mai reshe uku da bai sani ba, na ƙarshe tsumma biyu, s da s. Rana da Ƙibɗanci ra ce ko re. Ra, wani abu, s, s. Alamar tsakiyar kuwa ya taɓa ganinta a dutsen Rashid daidai inda Girkanci ke maganar ranar haihuwar sarki, kuma haihuwa da Ƙibɗanci mise ce. Ramses, wato Ra, gunkinsu na rana, shi ne ya haife shi. Sai ga wata ƙawanyar mai tsuntsun gunkinsu Tot, da alamar nan mai reshe uku, da s: Tutmos. Kafin watan ya ƙare ya gabatar da sakamakonsa gaban masana a Faris. Shekararsa 31, kuma a 1832 ya rasu.

Kai Bahaushe kana da wani gata a nan da Bature ba shi da shi, kuma ina son ka san shi. Masana harsuna sun sa tsohon harshen Masar da Hausa da Larabci da harshen Buzaye cikin babban dangi guda. Mutuwa a wurinsu m-w-t ce, mu muna cewa mutu, Balarabe na cewa maut. Huɗu f-d-w. Ƙashi ƙ-s. Harshe da Ƙibɗanci las ne, Larabci lisan, mu nan Sakkwato muna cewa halshe. In za su ce naka, sai su liƙa k a ƙarshen kalma, yadda muke cewa gidanka. Kalmomin jinsin mace suna ƙarewa da t, ka tuna ta da tata. Tsakanin abu da mai shi sukan sa n, kamar gidan sarki. Duk wannan yana sauƙaƙa maka nahawunsu sosai. Amma ina roƙonka kada ka ɗauki wannan ka hau Facebook kana cewa Fir'auna Hausa yake ji, ko Hausawa daga Masar suka fito. Dangantakar ta kakannin kakanni ce, ta dubban shekaru kafin a fara rubutu, kuma kama ta sauti kaɗai ba hujja ba ce sai an ga ƙa'idar tana maimaituwa cikin kalmomi da yawa.

Yanzu ga yadda rubutun ke aiki, a taƙaice, don ka fara karatu. Dubi inda mutane da tsuntsaye suka fuskanta, daga can ake farawa, kana tafiya kana tarar fuskokinsu. Mafi yawa daga dama ne zuwa hagu, kamar Larabci, kuma na sama kafin na ƙasa. Ba sa rubuta wasali ko kaɗan. Wanda ya saba da Larabci maras wasali ba zai ji wannan baƙon abu ba: ka rubuta kaf da ra, mai karatu ya duba zancen ya gane kara ce ko kura ko kare. Masana na zamani kan cusa e tsakanin baƙaƙen don a iya furtawa, shi ya sa n-f-r, mai kyau, ta zama nefer, kamar a sunan Nefertiti. Akwai alamomi wajen 24 masu sauti guda guda, su za ka fara haddacewa, biyar a rana sun isa: igiyar ruwa n, ƙafa b, kububuwa mai ƙaho f, dantse ainun, kwando mai mariƙi k, da waɗanda ka riga ka samu. Sannan akwai masu ɗauke da baƙi biyu ko uku a alama guda.

Dabarar da ke ƙarƙashinsu kuwa Bahaushe zai gane ta nan take. A ce kana son rubuta "kai ne" ba ka da baƙaƙe, sai ka zana kan mutum, don kai da kai sautinsu ya yi kusa. Haka suka yi. Gida a harshensu p-r ne, fita ma p-r ce. In sun zana gida suka sa ɗan layi guda a ƙarƙashinsa, gidan suke nufi. In sun zana gida, da baki, da ƙafafu biyu suna tafiya, fita ke nan. Ƙafafun nan ba a furta su. Ni ɗan rakiya nake kiran irin wannan alama, domin tana bin kalma a baya ta nuna maka ko wane iri ce: mutum a zaune ga sunan namiji, naɗaɗɗiyar takarda ga abin da ba a taɓawa da hannu kamar ilimi, da'ira mai mararraba a ciki ga sunan gari. Dubi yadda boko ke rubuta gari na zama da gari na tuwo iri ɗaya. Da za mu sa hoton ganuwa bayan ɗaya, ƙwarya bayan ɗaya, ai ba mai rikicewa. Ɗan rakiya kuma shi ke nuna maka inda kalma ta ƙare, tunda ba sa barin fili tsakanin kalmomi.

In ka yi sati biyu a kan wannan, gwada kanka da abin da ba ka taɓa gani ba. Nemi hoton ƙawanyar yaron sarkin nan da Howard Carter ya gano kabarinsa a 1922, ka rufe duk bayanin da ke ƙasan hoton. Za ka ga ganyen kara, da wani abu kamar allon dara mai 'ya'ya a kai, wanda sautinsa m-n, da igiyar ruwa: i-m-n, Amun. Sai curin burodi, ɗan tsako, curin burodi: t-w-t. Sai alamar nan mai kama da mabuɗi, ank, rai. Amun-tut-ank ka samu, alhali sunan Tutankamun ne. Ba kuskure ka yi ba. Sunan abin bautarsu sukan gabatar da shi a rubuce don girmamawa, ko da a ƙarshe ake furta shi. Alamomi ukun da suka rage a ƙasa laƙabin sarauta ne, bar su sai gaba.

Irin wannan gwaji shi ke raba ganowa ta gaskiya da mafarki. A 1857 a Landan aka ba mutum huɗu, Rawlinson da Hincks da Talbot da Oppert, kwafin wani rubutun Assuriyawa na Iraƙi, irin wanda ake dannawa a ɗanyen yumɓu, kowa ya fassara shi shi kaɗai ya aiko a rufe. Da aka buɗe aka ga sun yi daidai a mafi yawan wurare, musu ya ƙare. Rubutun Kirit da Alice Kober ta yi wa hidima har ta rasu a 1950, wani mai zanen gine-gine, Michael Ventris, ya shige shi a 1952 ta ƙofar sunayen garuruwa, ko-no-so da a-mi-ni-so, ya tarar tsohon Girkanci ne, abin da shi kansa bai zata ba. Shekara guda bayan haka aka gwada baƙaƙensa a kan wani allon yumɓu da aka tono a Filos ta ƙasar Girka, suka ba da ti-ri-po, tukunya mai ƙafa uku, ga kuma hoton tukunya mai ƙafa uku a gefen kalmar. Shi ma Shamfoliyon sai a 1866, bayan rasuwarsa da daɗewa, aka tono wani dutse mai harshe biyu a Tanis ta Masar, aka karanta shi da hanyarsa, ya dace da Girkancin. Don haka duk wanda ya turo maka saƙo a waya cewa wane ya karanta wani ɓataccen rubutu cikin dare ɗaya, tambaya guda za ka yi: an gwada a kan sabon rubutu, a hannun wani mutum daban?

Akwai inda hanyar ke tsayawa, kuma gara ka sani tun yanzu. Rubutun kwarin Indus a Pakistan da Indiya yana da alamomi wajen 400, amma yawancin abin da aka samu hatimai ne masu alama biyar ko kusa da haka, babu fassara a gefe, ba a kuma san harshen ba. Faifan yumɓun Faistos da aka tono a Kirit a 1908 guda ɗaya ne tak a duniya, ba abin da za ka gwada shi da shi. Wanda ya fi taɓa ni shi ne na Marawi ta Sudan, daular da ta yi mulki a bakin Nilu arewa da Khartum. Baƙaƙe 23 ne, kuma wani Baturen Ingila, Griffith, ya gano sautinsu tun wajen 1911. Ana iya karanta su da babbar murya, ana gane sunayen sarakuna da na gumaka da 'yan kalmomi, amma mafi yawan maganar har yau a rufe take, don harshen bai bar magaji na kusa ba.

Na san wannan halin da kaina. Cikin takardu goma sha huɗun kakana, goma sha ɗaya na karanta. Uku da suka rage waƙa ce, baiti baiti, da wasali cikakke, kowane baƙi ina iya furta shi, amma ban san abin da nake faɗa ba. Dattijon malamin nan ya saurare ni na karanta baiti biyu, ya ce Fillanci ne, irin na mutanen da, wanda Shehu da Nana Asma'u suka yi waƙoƙi da shi, kuma shi ma ba ya ji. Ya kwatanta mini wani tsoho a Sifawa da ya gaji irin wannan karatu wurin mahaifinsa, ya ce idonsa ya yi rauni amma kunnensa garau. Na ɗauki hoton takardun da waya, na kwafe su da hannu a littafina da manyan baƙaƙe, na sa na asalin cikin leda na mayar gafaka saboda damina. Ɗan ƙanena ya ce zai kai ni ranar Asabar da safe. Ni zan riƙa karantawa, tsohon yana saurare, shi kuma yaron yana rubuta abin da ya faɗa.